TARIHIN KALMAR "SEMI-ACTIVE": MA'ANARTA, ASALINTA DA LAFAZINTA

Gabatarwa

Kowace kalma da ke yawo a bakin mutane tana da tarihinta, kamar dai yadda kowane gari da kowace zuriya suke da nasu. Abin da ya raba su shi ne, ita kalma ba ta da maroƙin da zai tsaya a ƙofar fada yana jero sunayen kakanninta. Wanda duk yake son sanin inda ta fito, tilas ya bi sawunta cikin tsofaffin rubuce-rubuce, ya kuma gwada ta da 'yan'uwanta na wasu harsuna. A cikin wannan maƙala za mu bi sawun wata kalmar Turanci ne, watau "semi-active", wadda da ita ake sifanta abin da ke aiki, amma aikin nasa bai cika ba.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya kawo kalmar Turanci cikin mujallar ƙungiyar Hausa? Amsa ita ce, yawancinmu da muke nazarin Hausa a yau, gobe aikin fassara zai faɗo a kanmu, ko a gidan rediyo, ko a jarida, ko a ma'aikata, ko a gaban allo. Kalmomin da suka fara da "semi" kuwa sun cika littattafan kimiyya da labaran duniya, ga su da saurin yaudarar mai fassara, domin ƙamus yakan gaya masa ma'anar "semi" ita ce "rabi", shi kuwa sai ya rubuta "rabi" ya wuce abinsa. Abin da nake so in nuna shi ne, tarihin kalmar da kansa ya isa gargaɗi. Tun fiye da shekara 2000 da suka wuce "semi" take da fuska biyu, ɗaya ta awo, ɗaya ta kwatance, kuma ta biyun ce take cikin "semi-active".

Ma'anar Kalmar

Kalmar ta ginu ne daga sassa biyu. Na farko shi ne "semi", wanda ɗafa-goshi ne. Na biyu kuwa shi ne "active", wanda sifa ce mai nufin abin da ke motsi, ko yake aiwatarwa da kansa, ba jira yake a yi masa ba. Kishiyarta ita ce "passive", watau abin da ke karɓa kawai. In an haɗa sassan biyu, sai a sami abin da ya tsaya tsakanin waɗannan matsayi biyu.

Shi wannan ɗafa-goshi yana yin aiki iri uku a Turancin yau. Da fari akwai inda yake nufin rabi sosai, wanda za a iya aunawa, kamar a "semicircle", rabin da'ira. Na biyu akwai inda yake raba lokaci biyu, kamar a "semi-annual", abin da ake yi sau biyu a shekara. Na uku kuwa, wanda ya fi sauran yawa, shi ne inda yake nufin abin da ya ɗauki wani yanki na wata sifa, ya bar wani yanki. Ƙasar da aka kira "semi-arid", irin ta yankin Sahel, ba wanda ya auna ya tarar rabinta hamada ce daidai wa daida. Ana nufin ruwan sama ya yi mata ƙaranci, amma bai ƙaurace mata ba. A wannan gida na uku ne kalmarmu take zaune.

Asalin "Semi" a Ƙasar Rum

Turawan Ingila sun aro "semi" ne daga Latin, harshen Rumawan da. A wurin Rumawa kalmar tana da aikin lissafi tsantsa. Suna da wani kuɗin tagulla mai suna "as", wanda aka kasa shi kashi 12, rabinsa kuwa, watau kashi 6, shi ake kira "semis", har ma akan buga masa harafin S. Wanda ya ji labarin kuɗinmu na da, kafin a canja zuwa naira a 1973, zai tuna da sule mai kwabo 12 da sisi mai kwabo 6. To, "semis" shi ne sisin Rumawa. Daga gare shi ne kuma aka sami sunan kuɗinsu mai farin jini, "sestertius", wanda asalin ma'anarsa ita ce biyu da rabin na uku, domin da farko darajarsa "as" biyu da rabi ce.

Amma tun a wancan zamani Rumawa suna liƙa "semi" ga abubuwan da ba sa aunuwa. Suna cewa "semivivus", mai rabin rai, ga wanda ya jikkata har ya kusa mutuwa. Akwai misali mai ban sha'awa a cikin Linjila ta hannun Luka, sura ta 10, inda aka ba da labarin mutumin da 'yan fashi suka tare a kan hanyar Yariko, suka yi masa dukan kawo wuƙa. Asalin littafin da Girkanci aka rubuta shi, kalmar da aka sifanta mutumin da ita kuwa ita ce "hemithanes", watau rabin matacce. Fassarar Latin da ake kira Vulgate, wadda malamin nan Jerom ya fara aikinta a shekara ta 382, ta yi amfani da "semivivus", watau rabin rayayye. Da aka juya littafin zuwa tsohon Turanci wajen shekara ta 1000, sai aka sa "samcucu", ita ma rabin rayayye. Mutum ɗaya ne, wani harshe ya ce rabinsa ya mutu, wani ya ce rabinsa na da rai, ba kuwa wanda ya yi ƙarya, domin dukkansu ba awo suke yi ba. Bahaushe da zai ga wannan mutum, abin da zai ce shi ne an bar shi rai kwakwai mutu kwakwai, ba kuwa zai ambaci rabi ba.

Yadda Aka Gano Dangin Kalmar

Mai lura zai ga kalmomin nan uku sun fara da abubuwa masu kama da juna: "hemi" a Girkanci, "semi" a Latin, "sam" a tsohon Turanci. A harshen Sanskirit na Indiya ta da kuma akwai "sami", ita ma da wannan ma'ana. Ba aro ne ya kawo wannan kama ba, gado ne.

Ranar 2 ga Fabrairu, 1786, wani alƙali Bature mai suna William Jones ya yi wata lacca a birnin Kalkata na Indiya, inda ya bayyana cewa Sanskirit da Girkanci da Latin sun yi kama a saiwoyin kalmomi da tsarin nahawu, kamar da ta wuce a ce dacewa ce kawai, saboda haka lalle daga tushe ɗaya suka fito. Bayansa masana suka ɗauki maganar suka yi mata hujja. Franz Bopp, Bajamushe, ya fitar da littafinsa na kwatanta tsarin aikatau na waɗannan harsuna a 1816, sa'an nan Jacob Grimm ya tsara ƙa'idojin sauyin baƙaƙe a 1822. Wannan dangi shi ake kira Indo-Turai. Uwar da ta haife su ba a taɓa rubuta ta ba, amma galibin masana suna ganin an yi magana da ita wajen shekara 6000 da suka wuce, a filayen kiwo da ke arewa da Baƙin Teku.

To, me ya sa Girkawa suke da "h" a inda Rumawa suke da "s"? Dalili shi ne, a tarihin Girkanci "s" ta farkon kalma, in wasali ya biyo ta, takan koma "h". Ba a wannan kalma kaɗai abin ya faru ba. Shida a Latin "sex" ne, a Girkanci "hex". Bakwai a Latin "septem", a Girkanci "hepta". Gishiri a Latin "sal", a Girkanci "hals". Mu da muke nazarin karin harshe ba za mu sha mamaki ba, domin mun san yadda "fura" ta wani gari take zama "hura" a wani, kuma sauyin yana bin ƙa'ida, ba son rai ba.

Ita ma "hemi" daga baya ta shiga Turanci ta hanyar littattafan ilmi, kamar a "hemisphere", rabin ƙwallon duniya. Har ma ta ɓuya a inda ba a zato. Likitan nan Galen, wanda ya rayu a ƙarni na 2, ya kira wani irin ciwon kai da suna "hemikrania", watau rabin ƙoƙon kai. Kalmar ta bi ta Latin da Faransanci, tana zubar da sassanta a hanya, har ta zama "migraine". Hausawa, ba tare da sun ji labarin Galen ba, suka kira cutar ciwon ɓarin kai. Akwai kuma ta uku, "demi", wadda ta zo daga Faransanci, amma ita ba 'yar gidan ba ce, daga "dimidius" ta Latin ta fito, abin da aka raba a tsakiya. Masu kiɗan Turawa sun tara ukun a kalma guda, "hemidemisemiquaver", sunan wani gajeren sauti wanda yake kashi 1 cikin 64 na cikakken sauti. A nan kam kowace ɗaya daga cikinsu rabi take nufi, ba ragi ba ƙari.

Yadda Baƙuwa Ta Kori 'Yar Gida

Kamar yadda muka gani, Turanci yana da tasa ta gado, watau "sam". Mutanen Ingila na kafin shekara ta 1066 suna cewa "samsoden" ga abincin da bai gama dahuwa ba, da "samlæred" ga wanda karatunsa bai yi zurfi ba. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin kuma ya ci gaba da riƙe coci da makaranta. Kalmomin gida da yawa suka ja da baya, "sam" na cikinsu.

Wurin da ta bar sawu shi ne kalmar "sandblind", wadda ake faɗa wa mai gani dishi-dishi. Masana suna ganin asalinta "samblind" ce, watau wanda makantarsa ba ta cika ba. Da mutane suka manta da ma'anar "sam", sai kunnensu ya mai da ita "sand", yashi, suka ɗauka ana nufin wanda yashi ya shiga idonsa. Shakespeare ma ya yi raha da wannan a wasansa The Merchant of Venice, wanda ya rubuta wajen 1597, inda wani bara ya ga yashi bai isa ba, ya ƙara wa makantar ubansa girma ya kai ta ga tsakuwa.

Kafin wannan lokaci "semi" ta Latin ta riga ta shigo. Mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da "semicope" ga wata gajerar alkyabba da wani malamin coci yake yafawa. Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa, musamman da kimiyya ta bunƙasa a ƙarni na 17 zuwa na 19, har ya zama kowa yana iya liƙa ta ga kowace sifa ya ga dama. Abin lura a nan shi ne, Turanci ya yar da kalmarsa ta gado, ya aro 'yar'uwarta ta jini daga waje, bai kuwa san 'yar'uwa ba ce sai bayan ɗaruruwan shekaru.

Asalin "Active"

Sashe na biyu na kalmar ya fito ne daga aikatau na Latin "agere". Ma'anarsa ta farko ita ce kora, irin korar da makiyayi ke yi wa shanu. Daga kora sai ta faɗaɗa ta zama tafiyar da abu, daga nan ta zama aikatawa. Rumawa suna da wani ma'aunin gona mai suna "actus", tsawon ƙafa 120 nasu, watau iyakar kunyar da shanun huɗa za su ja kafin a juya su. Daga wannan saiwa ce aka gina sifar "activus".

Malaman Kirista na farko, irin su Agustin da Paparoma Giregori na ɗaya, wanda ya rasu a shekara ta 604, sun riƙa kasa rayuwar mai addini gida biyu: rayuwar aiki da hidimar jama'a, wadda suka kira "vita activa", da rayuwar keɓewa don tunani da ibada. Da wannan ma'ana ce kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 14, ta hanyar Faransanci, kuma sau da yawa "actif" ake rubuta ta a lokacin. A doguwar waƙar nan Piers Plowman ta wancan ƙarni akwai wani mutum mai suna Haukyn wanda aka sa ya wakilci wannan rayuwa ta aiki.

Wannan saiwa ta iso mana Hausa tun tuni, ko da ba mu lura ba. "Ajanda" da sakataren ƙungiya yake karantawa a farkon taro, a Latin tana nufin abubuwan da ya wajaba a aikata. "Akta" da masu zuwa silima suke yi wa tafi, shi ne mai aikatawa. Dukkansu jikokin makiyayin nan ne mai korar shanu.

Lafazin Kalmar

Kalmar tana da gaɓa huɗu: se-mi-ak-tiv. Turanci ba shi da karin sauti irin namu, da ƙarfin furuci yake aiki, kuma gaɓa ta uku, watau "ak", ita ce take ɗaukar ƙarfi mafi yawa, ta farko ta bi mata. Wasalin "e" na farko gajere ne, ko da yake a Latin dogo ne.

Saɓani yana wajen wasali na biyu. Mutumin Ingila "semi" yake cewa, Amurkawa da yawa kuwa "semai" suke cewa, kamar yadda suke faɗin "antai" da "maltai" ga "anti" da "multi". Tushen abin yana cikin wani babban sauyi da ya sami dogayen wasulan Turanci tsakanin wajen 1400 da 1700, wanda masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya yi bayaninsa a 1909. Dogon "i" ya koma "ai", amma rubutu bai canja ba, shi ya sa ake rubuta "line" da "i", alhali mu da kunne muka aro ta muka ce "layi". Da sunan harafin kansa ya zama "ai", sai Turawa suka riƙa karanta "i" ta ƙarshen kalmomin Latin da wannan sauti, kamar a "alibi". Daga wannan al'ada ce "semai" ta samo asali. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ba kuwa wanda ya yi kuskure a cikinsu. Har ma in an yanke kalmar ita kaɗai, ma'ana takan bambanta: a Amurka "semai" babbar motar tirela ce, a Ingila kuwa "semi" gida ne wanda ya haɗa bango ɗaya da na maƙwabci.

Bahaushe yana da wahala biyu da wannan kalma. Ta farko ita ce "v", wadda babu ita a harshenmu. A aro mukan mai da ita "b", kamar a direba da biza da bidiyo da shebur, in ta zo ƙarshe kuma sau da yawa "f" ake ji, watau "aktif". Abin dariya shi ne, wannan lafazi ya koma daidai da yadda Turawan ƙarni na 14 suka rubuta ta, ya kuma yi daidai da yadda ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci yake faɗinta. Wahala ta biyu ita ce haɗuwar "k" da "t". August Klingenheben ya nuna tun wajen 1928 cewa a tsohuwar Hausa "k" ta ƙarshen gaɓa takan narke ta zama "u", shi ya sa muke da talaka amma talauci. Saboda wannan rashin sabo ne tsofaffin kalmomin aro suka kauce wa haɗin, "doctor" ta zama likita, "lecture" ta zama lacca. Sababbi irin su dakta da Oktoba da akta sun nuna cewa harshen ya fara sabawa.

Kalmar a Ƙarni na 20

Inda kalmar ta sami tsayayyar ma'ana shi ne wurin injiniyoyi, kuma yaƙi ne ya jawo. A watan Fabrairu na 1935 Robert Watson-Watt ya gwada a Ingila cewa ana iya gano jirgin sama ta hanyar siginar rediyo da ta buge shi ta dawo, kamar yadda murya take dawowa daga jikin dutse. Wannan ita ce na'urar rada. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, aka shiga ƙera makamai masu linzami da za su bi jirgin abokan gaba da kansu, aka kuwa kasa su gida uku.

Mu kwatanta da maharban dare. Akwai wanda ya ɗaura fitila a goshi, shi ke haskawa, shi ke gani. Wannan shi ne "active", makamin da ke ɗauke da na'urar aika sigina da ta karɓa. Akwai wanda ba shi da fitila sam, motsin dabbar kawai yake bi. Wannan shi ne "passive", kamar makamin Sidewinder da ke bin zafin injin jirgi. Na uku kuwa yana da ido, amma wani ne ke riƙe masa fitila daga baya. Wannan shi ne "semi-active": makamin yana da na'urar karɓa kawai, jirgin da ya harba shi ne yake ci gaba da haska abokin gaba da rada, shi kuwa yana bin abin da ya dawo. Irinsa ne makamin Sparrow na uku, wanda sojan ruwan Amurka suka fara aiki da shi a 1958. Rauninsa a fili yake: in mai fitila ya juya, maharbi ya makance. Dole direban jirgi ya ci gaba da fuskantar abokin gaba har makamin ya isa, ko da kuwa shi ma ana harbinsa. A yaƙin Biyetnam, cikin kowane goma da aka harba, da ƙyar ɗaya yake kayar da jirgi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙera AMRAAM mai ɗauke da tasa rada, wanda ya shiga aiki a 1991.

Kalmar ta shiga harkar mota ma. A 1974 Dean Karnopp da abokan aikinsa biyu, Crosby da Harwood, sun wallafa wani bincike a Amurka a kan hanyar rage girgiza da suka kira da wannan suna. Shakazoba ta yau da kullum taurinta ɗaya ne, ko a kwalta ko a gargada. Akwai kuma tsari mai tsada wanda yake da ƙarfin kansa, yana tura taya sama ko ƙasa. Na tsakiya shi ne wanda yake iya ƙara tauri ko ya sassauta gwargwadon hanya, amma ba ya iya turawa, sai dai ya shanye girgizar da ta zo masa. A 2002 motar Cadillac Seville ta fito da irin wannan, mai aiki da wani mai da aka zuba wa garin ƙarfe, wanda yake yin kauri nan take in an sa masa maganaɗisu. A misalan nan biyu ba rabin aiki ake nufi ba. Ana nufin abin yana yin wani sashe na aikin da kansa, ɗaya sashen kuwa ya dogara ga wani.

A maganar yau da kullum kuma akan faɗi kalmar ga mutane, kamar ɗan ƙungiyar da sunansa ke cikin rajista, yana biyan kuɗin shekara, amma ba a ganinsa sai ranar walima. Ina jin kowace ƙungiyar ɗalibai ta san irinsa.

Kama da Wane Ba Ta Wane

Wajibi ne a yi hattara, domin ba duk kalmar da ta fara da waɗannan haruffa ce 'yar gidan ba. "Semester" da muke ƙirga zangon karatu da ita, mutane da yawa suna zaton rabin shekara take nufi. Daga "sex", shida, da "mensis", wata, aka gina ta, watau wata shida, kuma ta jami'o'in Jamus ta bi ta shiga Turanci. "Seminar" daga kalmar Latin mai nufin iri ta fito, asalinta wurin renon dashe ne. "Semolina", wadda ake tuƙa tuwon semo da ita, daga Italiyanci take, tushenta kuwa kalmar Latin ce mai nufin lallausan garin alkama. "Semitic" kuma, sunan dangin Larabci da Ibrananci, daga sunan Samu ɗan Annabi Nuhu aka ciro shi. Haka nan kamar da ke tsakanin "sami" ta Sanskirit da "sama-sama" tamu dacewa ce kawai, domin Hausa 'yar gidan Cadi ce a cikin dangin Afro-Asiya, ba ta haɗa kaka da harsunan Indo-Turai ba.

Yadda Za Mu Fassara

Larabawa sun riga sun raba wannan gardama. In awo ne sukan ce "nisf", wadda muka aro ta zama nusufi. In kwatance ne sukan ce "shibh", mai kama da, wadda saiwarta ɗaya da shubuha. Hausa ma ba ta rasa kayan aiki ba. Malamanmu na ilmin furuci da suka zo kan "semivowel", watau "w" da "y", ba su ce rabin wasali ba, suka ce kinin wasali. Masu labarin wasanni suka mai da "semi-final" wasan kusa da na ƙarshe. Masu labarin duniya in suna maganar Zanzibar, wadda ta haɗe da Tanganyika a 1964 amma ta riƙe gwamnatinta, sukan ce tana da ƙwarya-ƙwaryar 'yancin cin gashin kai. Ga kuma cikakken ninki, wanda yake rage ƙarfin sifa, kamar a fari-fari da ruwa-ruwa da barci-barci. Ga "ɗan" da "'yar", ga "sama-sama", ga "jefi-jefi".

Saboda haka "semi-active" ba ta da fassara guda. In makami ne, sai a ce mai bin hasken da wani ya haska masa. In shakazoba ce, sai a ce mai daidaita taurinta da kanta. In ɗan ƙungiya ne, sai a ce yana zuwa jefi-jefi, ko ƙafarsa ɗaya ciki ɗaya waje. Wanda ya rubuta "mai rabin aiki" a labarin makami, mai sauraro zai ɗauka makamin lalatacce ne, alhali lafiyarsa lau, haka aka ƙera shi.

Kammalawa

Mun ga yadda ɗafa-goshin "semi" ya taso daga harshen makiyayan da ba su bar rubutu ba, ya zama sunan kuɗi a Rum, ya kori ɗan'uwansa "sam" a Ingila, ya rabu lafazi biyu tsakanin Ingila da Amurka, sa'an nan ya haɗu da "active" ya zama keɓaɓɓiyar kalma a bakin injiniyoyi. A duk tsawon wannan tafiya ma'anar awo da ta kwatance suna tafe kafaɗa da kafaɗa. Abin da ya rage gare mu, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne duk lokacin da muka ci karo da "semi", mu tsaya mu tambayi kanmu: a nan aunawa ake yi, ko kwatantawa? In kwatance ne, wane sashe ne ya samu, wane ne ya rage? Matambayi dai ba ya ɓata. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu da ta keɓe zama guda don tattara irin waɗannan kalmomi da fassarorin da suka dace da su, a miƙa wa malamanmu su duba, da fatan ranar za a ga har da masu zuwa jefi-jefi. Allah Ya sa mu dace, amin.